Auta Ya Rasu, Ya Bar Shanu Tara Ba Shaida

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ta rasa wurin numfashi, ni Sabitu Lawal Barkiya, mazaunin Dutsin-Ma, a madadin kaina da iyalina da makiyaya ɗari biyu da wani abu da suka yarda da ni, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Auta, manhajar kwamfuta da na rubuta da hannuna don ajiye shaidar shanu. Ya rasu jiya Litinin da la'asar, a kan wani dutse a bayan Tamawa, a cinyar Malam Rabe malamin dabbobi, bayan gajeriyar rashin lafiya ta kwana uku. Shekararsa biyu da wata huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na san ba a fara sanarwar rasuwa da roƙo, amma ku yi mini uzuri. Duk wanda ke da kwamfutar da na taɓa sa wa manhajar Garke, wato gidan su Auta, ko filas na ajiye kayan kwamfuta, ko tsohuwar wayar da aka tura wa ita bisa kuskure, don girman Allah kada ya haɗa ta da intanet. Ya kashe ta, ya naɗe ta a zane, ya kawo mini kafin safiyar Alhamis. Ranar ce za a raba shanun da aka ƙwato daga hannun ɓarayi, a Kurfi, kuma tara daga cikinsu na Inna Kulu ne ta Barkiya, wadda ba ta da wata shaida a duniya sai wadda marigayi kaɗai ya san yadda ake fito da ita. Zan yi bayani a ƙasa.

Marigayi ɗan gidan Garke ne, shi ne na tara a gidan. Ga wanda bai sani ba, Garke manhaja ce ta kyauta, cikinta a buɗe, kowa na iya ɗauka ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya ba wani, ba a tambayarsa komai. Na fara rubuta ta shekara shida da suka wuce, lokacin da satar shanu ta kai mutum ya ga saniyarsa ido da ido ya kasa cewa tasa ce, saboda ɓarayi sun sake yanka kunnen, sun ƙone shaidar cinya. Aikinta ɗaya ne. Ta riƙe hoton kowace saniya da mai ita tsaye a gefenta, da ranar da aka ɗauka, da launi, da yanayin ƙaho, da sunan uwar da ta haife ta.

Masu rubuta manhaja suna da al'ada. Duk lokacin da suka yi gyara suka fitar da sabuwa, sai su ba ta lamba, ɗaya, biyu, uku, su rubuta a jikin sunan fayil ɗin. Ni kuwa ban ga dalilin da zan yi wata shida ina wahala da abu, tuwona yana hucewa saboda shi, sannan in kira shi da lamba kamar gadon asibiti ba. Don haka duk fitowar da aka samu sai in bar ta kwana bakwai ba suna, ran na bakwai in sayi goro da dabino in raba wa maƙwabtan shago, in raɗa mata suna. Na farko na sa masa sunan mahaifina, kuma da yake ba na iya kama sunan ko da a rubuce ne, fayil ɗinsa ya zama garke-Mai-sunan-Baba. Bayansa aka samu Jummai da Laraba da Talatu, kowace da ranar da ta fito. Namijin da ya biyo mata uku ba sai an yi shawara ba, Tanko ne. Sai tagwaye, ɗaya na kwamfutar tebur ɗaya na laftof, Hassan da Husaini, sai Gambo mai bi musu. Da na gama na tara na duba na ga ba abin da ya rage a ƙara, na ce daga wannan na rufe, na kira shi Auta. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan, in aka karanta masa sunayen nan, ba zai tsaya tunanin wane ne ƙarami ba.

Ba na son faɗin aibin ɗa a gaban jama'a, amma dole in ce wani abu a kan Tanko. Tun yana sabo fitinanne ne. Yakan ɗauki hoton bijimin wani ya liƙa wa karsanar wani. Ya taɓa rubuta wani Alhaji mai furfura a matsayin maraƙi ɗan wata uku, Alhajin kuma yana tsaye a bayana yana kallon allo. In aka cika shi da aiki sai ya yi wata ƙara, ɗin, ya rufe kansa. Wata biyu kawai ya yi yana aiki na sauke shi. Ban goge shi ba saboda tausayi, na ce ko ba komai ni na haife shi.

Auta kuwa, Allah ya sani, ban taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba. Bai taɓa neman kwamfuta mai tsada ba. Ya yi aiki a kan laftof da aka ɗaure murfinta da robar taya, ya yi aiki a gindin kuka rana na dukan allo, ya sha jijjigar babur daga Kurfi zuwa Barkiya a cikin buhu ya sauka bai manta ko saniya ɗaya ba. Yana jin Hausa, yana karɓar sunayen shanu na Fulatanci ba ya ja musu jan layi a ƙasa. In aka buɗe shi sai ya yi gaisuwa da kukan saniya, mbuuu, a hankali, muryar wata farar saniya ce da na naɗa a hanyar Zobe. In ya ajiye rajista sai ya ce ƙyas, sau ɗaya, ba ya maimaitawa. Dattawan da ba su yarda a ɗauke su hoto ko a bikin 'ya'yansu sun tsaya masa sun gyara hula. Bara wani dattijo daga Tamawa ya samu shanun nomansa biyu ta dalilin takardar da marigayi ya buga, ya zo har shago ya ce a nuna masa wanda ya yi wannan aiki. Na miƙa masa hannu, ya wuce ni ya dafa kwamfutar ya sa mata albarka.

Babbar ɗabi'arsa ta kirki, wadda yau ta zame mana masifa, ita ce riƙon sirri. Kowa a yankin nan ya san abin da zai biyo baya in takardar da ke nuna wane na da shanu kaza a ruga kaza ta faɗa hannun masu kai wa ɓarayi labari. Saboda haka na koya wa Auta kulle kundin da ake zuba rajistar da wani irin kulli na kaina, wanda ko ɗaya daga cikin yayyensa bai sani ba. Kundin na nan lafiya, ko ɗigo bai ɓace ba. Kalmar sirrin ma tana kaina, ina iya faɗinta ko daga barci aka tashe ni. Wanda ya san yadda ake karɓar kalmar a murɗa a buɗe shi ne ya tafi.

Inna Kulu ita ce ta ƙarshe a Barkiya da ta yarda a rubuta nata. Tun rasuwar mijinta ita ke tatsa, ita ke kai nono kasuwa, da shanun nan take riƙe da jikoki huɗu. Na je rugarta sau uku tana shimfiɗa mini tabarma, tana sauraro, tana sallamata. A na huɗu ta ce, “Malam Sabitu, ni ban ga abin da akwatin ga zai sani na shanuna wanda ban sani ba. Amma tunda ka nace, ɗauka, kar ka tahi kana cewa na hana ka.” Ta shiga ɗaki ta sake zane, ta ɗaura kallabin zuwa biki, ta tsaya a gefen kowace ɗaya, hannunta a kan tozo, fuska a murtuke. Goma sha huɗu ne a ranar. Bayan wata biyar aka kore su duka da rana tsaka. Makon jiya aka ƙwato wani garke a daji aka kawo Kurfi, ta je ta leƙa ta cikin shinge, ta gane tara.

Sai dai ba ita kaɗai ta gane su ba. Wani dillali, wanda ba zan kama sunansa ba tunda yanzu ba ni da hujja, ya ce nasa ne, kuma yana da mutum huɗu da za su rantse. Kunnuwan an sake yanka su. Kwamitin da aka ɗora wa rabon ya ce zai bi shaidar da ta fi ƙarfi, kuma bara sau goma sha ɗaya ya karɓi takardar Auta ya mayar wa masu dabbobi abinsu. Na san wani zai ce to ta kira su da suna mana su amsa. Sun yi wata bakwai a daji suna shan sanda, yanzu ko tari aka yi sai su watse. Kwamiti ma ya daina karɓar kiran suna tun ranar da aka kama wani da kanwa a tafin hannu, shanun mutane suna binsa suna lasa.

Yanzu ga inda ciwon ya samo asali, kuma ina so a rubuta cewa laifina ne. A nan Dutsin-Ma akwai wasu 'yan sa kai da suka haɗa wurin ajiya a intanet, suna kiransa rumbu, inda masu rubuta manhajar kyauta ke zuba ƙunshinsu, kowa ya ɗiba daga can, in an yi gyara kuma kwamfutarka ta ɗauko da kanta. Mai kula da shi Malama Mabel ce, mutuniyar Filato, tana koyar da kwamfuta a wata makaranta a cikin gari. Na gaji da yawo da filas a babur a hanyoyin da ba a son bi, sai na kai mata 'ya'yana tara. Ta daɗe tana kallon sunayen.

“Malam Sabitu, wanne ne sabo a nan?”

Na ce Auta mana, ba ki gani ba?

“Ni na gani, shekarata goma sha ɗaya a garin nan. Amma na'ura ba ta taɓa zuwa gidan suna ba. In ba ta ga lamba ba, harafi take bi. Ka sa suna, ɗan layi, sannan lamba. In ka ga dama ka bar Autan a bayan lambar, garke-9-Auta, ba wanda zai hana ka.”

Na ce mata 'ya'yana ba fursunoni ba ne. Na faɗi haka ina dariya, ita ba ta yi dariya ba. Ta karɓa bisa sharaɗin zan gyara, ta riƙa nuna wa rumbun Auta da hannunta a matsayin na yanzu. Sau uku ta aiko mini saƙon tuni. Na farko na ce sai bayan Sallah, na biyu na ce sai an kawar da amfanin gona, na uku na karanta ban amsa ba. A tsakanin nan ne laftof ɗina ta cika da hotunan shanu, na duba na ga Auta na zaune lafiya a rumbu, sai na goge asalin rubutunsa da ke wurina don in samu fili. Filas ɗin ma na share shi na zuba hotuna. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya hanzarta ni, da wannan yatsan na danna.

Ranar Asabar rumbun ya cika, Malama Mabel kuma ta tafi gida bikin ƙanwarta. Abokan aikinta suka kunna wata sabuwar manhaja mai shara, wadda aikinta ta duba kowace manhaja ta bar fitowar da ta fi sabunta ta kwashe sauran. Ga duk waɗanda suka bi ƙa'ida ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Da ta zo kan Garke ta nemi lamba ta rasa, sai ta jera su bisa abacada. Auta ya zo farko, ta ce wannan shi ne tsohon gida, ta fara da shi. Ta bi Gambo, Hassan, Husaini, Jummai, Laraba, Mai-sunan-Baba, Talatu, duk ta share. Wanda ya zo ƙarshen layi, wanda ta ɗauka shi ne sabon jini, Tanko ne.

Daga nan ciwon ya bazu. Kwamfuta shida ke ɗauke da marigayi, kuma ni da kaina na saita su su riƙa ɗauko gyara daga rumbu ba tare da sun tambayi kowa ba, don kada in wahalar da mutanen da ba su saba ba. Duk wadda ta ji ƙanshin intanet sai a ce mata ga sabo ya fito, ta cire Auta ta sa Tanko. Tawa ce ta fara, ina zaune a shago bayan azahar ina kallo. Na ga wani koren layi yana tafiya, na ɗauka abin arziki ne, har na ce masha Allah. Da na danna in buɗe rajistar Inna Kulu in buga mata takarda, ban ji mbuuu ba. Na ji ɗin. A allon kuma aka rubuta, da Hausar da ni na koya masa: Ban san wannan kundi ba.

Kafin magariba na buga wa masu kwamfuta huɗu waya, duk sun riga sun kamu. Wani ma ya yi mini godiya, ya ce ya ga an sabunta. Ranar Lahadi Malama Mabel ta dawo, ko jakarta ba ta kai gida ba, ta zauna ta tona rumbun har ƙasa. Wurin da Auta ya kwanta an riga an zuba kayan wasu a kai. Na tambaye ta ko zan iya sake rubuta kullin daga kaina. Ta ce in na tuna komai daidai, wata biyu, in kuwa na manta layi ɗaya, kundin ba zai sake buɗuwa ba. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa, da na ɗan ji sauƙi.

Saura ɗaya. Laftof ɗin Malam Rabe a Tamawa, a gefen da sabis ba ya zuwa sai an hau dutse. Wata uku rabonta da intanet, don haka Auta na cikinta da ransa, yana kukan saniyarsa bai san an yi rashi ba. Wayar Malam Rabe ba ta shiga, sai na aika masa saƙon murya cewa Autan da ke wurinsa shi kaɗai ya rage a duniya, ina nan tafe in ɗauka, kuma kada ya kuskura ya haɗa laftof ɗin da data. Wannan maganar ita ce ta ƙarshe a saƙon, saƙon kuwa ya kai minti bakwai. Malam Rabe ya girme ni da shekara goma sha biyar, ba zan iya faɗa masa da umarni ba gaisuwa ba. Na fara da sallama, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, na tambayi gona da ciwon ƙafar mahaifiyarsa, na ba shi haƙurin daɗewar da na yi ban leƙo ba, sannan na shiga labari tun daga tushe.

Malam Rabe mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya fi ciwo. Jiya da la'asar ya hau dutse, saƙon ya shigo, ya saurari minti biyar. Ya ji zan biyo hanyar da ko shi ba ya son bi. Bai tsaya jin sauran ba, ya sauko da sauri ya ɗauko laftof, ya sake hawa, da shekarunsa, ya haɗa ta da wayarsa don ya turo mini ya hutar da ni. Sannan ya kira.

“Sabitu, zamna gida abinka, kar ka taso. Ga ni bisa dutse, na haɗa ta, yanzun ga in turo maka. Wani koren layi na tahiya, shi ne turawar ko?”

Na ce Malam cire wayar, cire, kashe ta. Na faɗa da ƙarfin da ya sa mai shayin ƙofar shagona ya shigo da ludayi a hannu. Malam Rabe ya ce to, to, saura kaɗan, bari ta ƙarasa kar a katse mata aiki. Daga nan na ji ta cikin wayar, can nesa, tare da iska, ɗin. Can sai ya ce, “Ba ta yi kukan saniyar ba.” Ba na jin haushin Malam Rabe ko kaɗan, kuma ina roƙon kada kowa ya je masa da maganar nan. An ce tun jiya bai sa komai a bakinsa ba.

Marigayi ya bar mahaifi ɗaya, wato ni, wanda bai cancanci ta'aziyya ba amma yana buƙatarta. Ya bar yayansa Tanko, wanda yanzu ke zaune a kwamfuta shida yana amsa sunan sabo ba ko kunya. Ya bar kundi a kulle da shanu sama da dubu huɗu a ciki, da injin buga takarda da na sa wa sabuwar tawada ranar Juma'a. Ya bar matata Lubna, wadda ta yi shekara shida tana cewa ta gaji da rainon 'ya'yan da ba a iya aikensu ko kanti, amma jiya ita ta fito da duk filas ɗin gidan, har da na hotunan aurenmu, ta zube mini a gaba.

Akwai kuma yiwuwar ya bar ɗan'uwa a nesa. Wani mai bautar ƙasa, Patrick, da ya yi shekararsa a Kurfi, ya kwafi Auta a wani shuɗin filas ranar da zai tafi, ya ce zai nuna wa mutanensu a Binuwai ko a yi wa awaki irinsa. Lambarsa a kashe take, na kira fiye da sau arba'in. Dogo ne, yana da wushirya, yana son kilishi, yana kiran kowa Alaji. Duk wanda ya san shi, ko ya san wanda ya san shi, ko ya taɓa ba shi hayar ɗaki, ya taimaka ya gaya masa kada ya share filas ɗin nan. In ya riga ya share, a ɓoye mini har bayan Alhamis.

Tun ranar Lahadi nake zaune da littafi da biro ina ƙoƙarin tuno kullin. Na tuna farkonsa, na tuna ƙarshensa, na tuna har rigar da ke jikina ranar da na rubuta shi, amma tsakiyar ta ƙi zuwa. Na gwada sau goma sha tara a kan kwafin kundin, kowane sau sai ya fito da wasu haruffa barkatai. A na goma sha bakwai rabin hoto ya fito, ƙafar saniya ce da ƙasa ja, ban san ta wace ce ba. Na zauna ina kallon ƙafar nan har aka kira salla. Ina jin tsoro, jama'a, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Marigayi bai bar wasiyya ba, amma zan faɗi ɗaya a madadinsa ga 'yan'uwana masu rubuta manhaja a Dutsin-Ma da kewaye. Ku so abinku yadda kuka ga dama, ku yi masa suna, ku raba goro, ku gayyace ni ma in zo. Amma a jikin fayil ku sa abin da rumbu ya ce a sa: suna da ƙananan haruffa, ba rata a tsakani, ɗan layi, lamba mai hawa sama. Ku kuma ajiye asalin rubutun a wuri biyu. Yau da safe na zauna na yi abin da aka roƙe ni sau uku, na sauya sunan fayil ɗin Tanko zuwa garke-5. Na duba agogo, bai ɗauke ni minti biyu ba.

Game da shirye-shiryen jana'iza, na je wurin limamin unguwarmu na tambayi yadda za a yi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ba a sallatar abin da ba shi da rai, ya yi mini addu'a, sannan ya tambayi rabona da barci. Saboda haka babu wanka, babu likkafani, babu makara, gawar ma ba mu samu ba. Za a yi zaman makoki yau Talata da gobe Laraba a shagona da ke bayan tasha a Dutsin-Ma, daga safe zuwa magariba. Kada a wahala da kawo abinci, a kawo filas. Kowane iri ne, ko na waƙoƙi, ko na wa'azi, ko wanda aka tsinta a mota. Malama Mabel ta ajiye kwamfutar da aka raba da intanet, za ta duba su ɗaya bayan ɗaya.

Jana'izar kanta ranar Alhamis ce, ƙarfe goma na safe, a filin da aka tsare shanun a Kurfi. Ana roƙon duk wanda ya taɓa sayen nono a hannun Inna Kulu, ko ya taɓa ganin shanunta a mashaya, ko ya taɓa korar su daga gonarsa yana faɗa, ya zo ya tsaya. Ban ce zai wadatar ba. Mutanen dillali sun saba tsayuwa a gaban kwamiti, mu kuwa ba mu da takarda.

Abu na ƙarshe. Inna Kulu ba ta san an yi rasuwar nan ba. Ba ta karatu, ba ta da waya, ni kuma har yanzu ban je ba. Ɗazu ta aiko maƙwabciyarta Batula da ƙwaryar fura, da saƙo: “Ki ce ma Malam Sabitu na gama tubka igiya tara, sabbi, na kuma kafa turaka. Shi dai ya taho da takardar da wuri, kar rana ta yi musu zahi bisa hanya.” Furar na nan a kan tebur a rufe, na kasa sha. Duk wanda ya haɗu da ita a hanyar Kurfi ranar Alhamis da igiyoyin a kanta, don Allah ya gaishe ta kawai ya wuce. Zan tsaya a bakin filin tun da sassafe in jira ta. Ni zan faɗa mata.